Ranar da Kawu Ya Ce Mu Bi ta Ƙofa

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Jidda. Na manta sunayen maƙwabta, na manta wasu gidajen da na yi haya, har fuskar kafilina na farko, ɗan ƙasar da ya tsaya mini a takardar zama, sai na yi da gaske nake tuno ta. Amma akwai wuni guda da na san ko tsufa ya kwashe mini komai zai bar mini shi, wato ranar da muka ɗauki kawuna za mu kai shi Makka ta bayan gari.

Kawun nan yayan mahaifiyata ne. Ya baro Damagaram da ƙafa yana saurayi, ya ratsa Cadi da Sudan yana ƙodago a hanya, ya haye teku, ya sauke farali, sannan ya gangaro Jidda ya zauna. Da na zo, a ɗakinsa na sauka a unguwar Sa'alaba. Shi ya nemo mini kafili, shi ya haɗa ni da mai tukubar da na koyi tsire a hannunsa. Shi kuwa ɗinkin hula yake yi a ƙofar gida. Abin da ban gane da wuri ba shi ne, mutumin da ya samo mini takarda shi ba shi da ita. Kafilinsa ya daɗe da rasuwa, iƙamarsa, wato takardar zaman, ta mutu, bai kuma nemi wata ba, domin neman yana nufin ya je ya tsaya gaban masu kaki.

Tsoron yana da tushe. Wata shekara can baya, suna hanyar Makka shi da amininsa da suka taho tare tun daga gida, aka tsayar da motarsu a shingen bincike. Aka sauke aminin, aka tsallake Kawu. Yana kallo ta taga aka tafi da shi da takalmi ɗaya a ƙafa, kuma daga ranar bai sake jin ɗuriyarsa ba. An ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, to Kawu ko mai gadin makaranta ya hango da hula sai ya sauya lungu. Duniyarsa ta koma gida, masallaci, da shagon mai zare. Makka da ba ta fi tafiyar sa'a guda a mota ba, ta zame masa nesa fiye da Damagaram.

Abin da zai ba ka dariya, ko haushi, shi ne duk unguwar ba wanda ya kai shi iya ba da ƙissar Bani Isra'ila. Bayan la'asar, kafin masu sayen tsire su fara zuwa, dattawa sukan taru kusa da tukubata, shi yana ɗinki yana magana ba ya ɗago kai.

"Annabi Musa ya kawo su har bakin ƙasar da aka yi musu alkawari," in ji shi. "Saura shiga kawai. Suka tura masu leƙo, suka dawo baki na rawa, wai mutanen can ƙatti ne, ɗayansu sai ya zuba ka a hannun riga ya tafi da kai. Mutum biyu kaɗai suka ce, ku dai ku shiga musu ta ƙofa, sauran ba aikinku ba ne. Suka ƙi. To, sai aka bar su a Tihi, jejin ɓata, shekara arba'in. Su tashi da safe su ɗaure kaya, su yi ta tafiya har rana ta faɗi, su sauke kaya, su duba, ga tokar murhunsu ta jiya."

A nan yakan tsaya ya tsinke zare da haƙori, ya bar mu da tokar nan a zuci. Sannan ya ci gaba da Yusha'u, wanda ya ja 'ya'yan da aka haifa a jeji ya kai su ƙofar da iyayensu suka gudar wa. "Ganuwar ba ta rage tsawo ba, ƙattin ba su rame ba. Rana ta zo faɗuwa ba a gama yaƙi ba, ya roƙi Allah, aka riƙe masa ita kamar yadda kake riƙe akuya a igiya, har aka ci garin. Iyayen sun ga girman mutane, suka manta da girman wanda ya yi mutanen. Iyakar laifinsu ke nan."

Wata rana wanzamin unguwarmu, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, ya ce, "Malam, kai ma ai ka kusa cika arba'in ɗinka." Aka yi dariya, har da ni. Kawu bai yi ba. Ya ci gaba da neman kafar allura, ya daɗe bai samu ba.

Ashe idon ne ya fara tafiya. Yanar ido ta rufe na dama, ta kama na hagu. Ba a jima ba ya ajiye allura, ya koma gane mutane da murya. Wata safiya ina yanka nama ya lalubo bango ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, "Ɗana, ina so in ga Ɗakin Allah kafin a rufe mini tagar nan." Ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba. Na ajiye wuƙa na ce za a yi, alhali ban san ta yaya ba. In muka bi titi aka kama shi, za a mayar da tsoho mai makancewa ƙasar da duk wanda ya san shi ya mutu. In muka zauna, idon ba zai jira mu ba.

Ina da wani aboki haifaffen unguwar Ruwais, jikan mahajjata, wanda Hausarsa ke tafiya rabi da rabi da Larabci. Yana da wanet, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, yana dakon kayan ɗaki. Da na kai masa zancen ya bugi ƙirji. Ya ce akwai hanyar makiyaya da ke zagaye shingen ta cikin hamada ta fito can gaba, kuma ya san ta kamar yunwar cikinsa.

"Ma alek, kar ka damu," in ji shi. "Kafin azahar ammi, kawunmu, yana ɗawafi."

Muka tashi da hantsi, a tsakiyar watannin zafi. Ni da Kawu mun ɗaura harami, yana tsakiya, ina gefen ƙofa. Da muka yi nisa da gari direba ya sauka daga kwalta ya shiga wata burji tsakanin baƙaƙen duwatsu. Da farko akwai alamun mutane, garken awaki, tayoyi, wata rumfar kwano. Daga nan suka ƙare. Muka yi ta tafiya cikin fili mai tsakuwa, sai ga wani tsohon firiji fari a tsaye shi kaɗai, a rufe, kamar wani ya jingine shi zai dawo. Ba gida, ba bukka, ba ko turke kusa da shi.

Direba ya yi dariya ya ce, "Ya ammi, a ɗauko maka ruwan sanyi?" Muka tsaya a wurin don Kawu ya miƙe ƙafa. Na zuba mana shayi daga filas, da muka gama na zubar da guntun da ganyen a gindin firijin, muka wuce.

Mun yi tafiya mai tsawo, ba mu karkata ko'ina ba a iya sanina, sai na hango farin abu a gaba. Da muka matso, firiji ne. Na dubi direba. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Hada, wannan, wani ne daban. Suna da yawa a nan." Bai rage gudu ba, amma na ga ya kashe rediyo. Ya zaɓi wani dutse mai ƙozo a can nesa ya sa shi a gaba, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, muna tafiya dutsen bai matso ba. Na fara karanta duk abin da ya zo bakina.

Da farin abin ya sake ɓullowa, shi da kansa ya taka burki ya kashe mota.

Na sauka. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Ba iska, ba tsuntsu, ko ƙuda babu, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san ƙuda ba ya barin mutum. Na taka zuwa firijin. Ga ganyen shayina a gindinsa, bai ma bushe ba, a ranar da in ka shanya riga kafin ka juya ta bushe. Ga sawun takalmin Kawu. Ƙofar firijin kuwa, da muka bar ta a rufe, tana buɗe. Ba komai a ciki, tas kamar yanzu aka wanke, kuma na ji wani sanyi ya shafi ƙaurina. Yau in ka ce mini tsoro ne ya sa na ji haka ba zan yi gardama ba, amma a lokacin tsikar jikina ta tashi har na ji haramin yana motsi a kafaɗata.

Na duba ƙasa don in gane gabas da yamma, sai na ga ba ni da inuwa. Firijin ba shi da ita, motar ma haka. Rana ta tsaya a tsakar ka, ba ta nan ba ta can. Bayan shekaru wani malamin makaranta ya gaya mini akwai ranaku a shekara da rana ke daidaita a kan Makka inuwa ta ɓace. Na yarda da shi. Sai dai shi ya ce abin ɗan lokaci ne, mu kuwa mun daɗe a wurin nan, kuma ban ga ta gusa ba.

Na dawo na tarar direba ya kifa kai a sitiyari. Mai cika bakin nan ya zama abin tausayi. Ya ce da ƙaramar murya, "Wallahi ihna tayhin."

Kawu, wanda tun shigarmu hamada bai ce uffan ba, ya juyo. "Me ka ce?"

"Tayhin, ya ammi. Mun ɓata."

"Tayhin," in ji Kawu a hankali, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Tihi."

Kullum ina jin kalmar nan a Jidda. Yaro ya ɓace a kasuwa a ce tayih ne, baƙo ya rasa lungu a ce tayih ne. Ban taɓa haɗa ta da jejin da Kawu ke ba mu labari ba sai ranar.

"Me ka gani a can?" ya tambaye ni.

"Ganyen shayinmu, Kawu."

"Tokar ke nan," in ji shi. Ya kafa fararen idanun nan a gaba. Sannan ya ce, "Shekara nawa ina zagin mutanen nan a bakin tukubarka? Ta da mota, yaro. Mu bi ta ƙofa."

Direba ya ɗago. "Ya ammi, za su kama ka. Tarhil ne, kora, ba wasa ba."

"Su kama ni ko su bar ni, ba su ne da hukuncin ba. Na yarda da kowanne. Abin da ban yarda ba shi ne in sake dawowa wurin nan."

Na ce masa ko ƙofar ma ai ba mu san inda take ba. Sai ya ɗaga hannu ya nuna hagu, wajen wani ɗan tudu da ba mu ko kula da shi ba. Ya ce, "Titi na nan. Manyan motoci na wucewa." Muka kasa kunne, ni da direba ba mu ji komai ba. Kawu ya ce, "Tun tsayawarmu ta farko nake jin su. Ban so in faɗa ba ne."

Muka hau tudun, sai ga kwalta shimfiɗe a ƙasa, manyan motoci na ta wucewa da ƙugi, kusa ƙwarai har abin ya ba ni haushi. Ƙarar ta faɗo mana a kunne gaba ɗaya. Da muka hau titin na leƙa ta taga, na ga inuwar motar siririya tana bin mu a gefe, na ji kamar in sauka in gaishe ta.

Shingen na gabanmu kaɗan. Motoci sun yi layi, wasu a ɗaga musu hannu su wuce, wasu a tsayar. Ina jin gwiwar Kawu tana kaɗawa a jikin tawa, don kada wani ya ɗauka tsoron ya tafi ne. Bai tafi ba. Ina ta addu'ar a ɗaga mana hannu, aka tsayar da mu.

Wani askari, cikin masu kakin shingen, ya zo ta gefena. Na shirya ganin ƙato, sai ga wani siririn saurayi da gashin baki bai gama fitowa ba, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana fama da mura. Ya karɓi takardar direba ya duba, ya karɓi tawa ya duba. Sannan ya zuro hannu ta gabana wajen Kawu, tafin a buɗe, ya ce, "Iƙama, ya hajj."

Kawu ya lalubo hannun ya kama shi da hannu biyu, ya shiga gaisuwa. Irin gaisuwarmu ta gida, wadda ba a sakin hannu sai an gama. Da Larabcinsa na tsofaffi ya tambaye shi lafiya, ya aiki, ya zafi, ya iyaye, ya mura, Allah ya sawwaƙe. Na so ƙasa ta tsage in shige. Direba ya rufe ido. Motocin baya suka fara hon. Saurayin ya ɗan ja hannunsa, Kawu bai saki ba, shi kuma tarbiyya ta hana shi fizgewa daga hannun tsoho, sai ga shi yana amsawa, alhamdu lillah, alhamdu lillah.

Da gaisuwa ta ƙare, hannun na nan a riƙe, Kawu ya ce masa, "Ma fi iƙama, ya waladi. Ba ni da ita, ta daɗe da mutuwa. Idona ne zai tafi, ina so in ga Ɗakin."

Saurayin ya sunkuyo ya kalli idanun Kawu. Ya waiwaya wajen rumfar da babbansu ke zaune yana waya. Ya sake kallon Kawu. Sannan ya ce wani abu ƙasa-ƙasa, ya zare hannunsa, ya miƙo mana takardunmu, ya bugi rufin motar sau biyu.

Mun yi nisa kafin na iya tambayar direba me ya ce. Ya share fuska da gefen ƙyallen kansa ya ce, "Ya ce ammi ya yi wa ummansa addu'a. Ba ta da lafiya."

Na juya wajen Kawu na ce, "Kawu, takarda fa ya nema, ba gaisuwa ba."

"Na sani," in ji shi. "Makaho nake zama, ba kurma ba. So nake in taɓa hannun da na yi shekarun nan ina gudu. Hannu ne kamar nawa, ɗana. Har gumi yake yi."

Mun shiga Harami bayan la'asar, ina riƙe da shi. Ina ta fargabar mun makara, kada a ce duk wannan wahalar ya tsaya gaban Ɗakin bai ga komai ba. Da muka fito fili na tsayar da shi na daidaita masa fuska. Ya daɗe yana ƙifta ido. Sannan ya ce, "Na gan shi. Baƙi a tsakiyar fari. Dama abin da ya rage mini ke nan, baƙi da fari." Ya fara da addu'ar uwar saurayin nan kafin tasa. Daga nan ya fashe da kuka irin wanda ban taɓa ji daga bakin namiji ba, ni ma na taya shi. Na ɗauka kukan murna ne, sai da na matsa kusa na ji abin da yake maimaitawa: "Sa'a guda. Ashe sa'a guda ce."

Kafin azumin shekarar idon ya rufe gaba ɗaya. Ya rayu bayan haka, ya kuma ci gaba da zama a bakin tukubata, amma bai sake ba da ƙissar Tihi yadda yake bayarwa da ba. Ya daina ce musu matsorata. In ya zo wurin tokar sai ya ce, "Allah ya ji ƙansu, tafiya suka sha." Abokina direba kuwa bai sake bin hanyar makiyaya ba, kuma in na ɗauko zancen firijin sai ya ce halas, wato zance ya ƙare, ya tashi. Ni na bi titin nan sau ba adadi, kullum ina duba bayan tudun, ban taɓa hango komai ba.

Ba zan ce wa kowa ƙofa kullum buɗewa take yi ba. Na san mutanen kirki da aka sauke a shingen nan, kuma aminin Kawu ma ba don ya fi shi zunubi aka tafi da shi ba. Abin da na koya bai kai haka daɗi ba. Wanda ya ba 'ya'yan jeji garin ƙatti, ya riƙe musu rana, shi ne ya riƙe hannun saurayin nan a cikin hannun makaho, kuma da ya so da ya sake shi. Iko nasa ne ta kowane gefe, namu kawai mu isa ƙofar. Tun daga ranar, duk lokacin da na ga ina ta zagaye wani abu da nake tsoro, asibiti ne ko ofis ko mutumin da ya kamata in fuskanta, sai in duba ƙasa in ga ko ganyen shayina ne a gabana. In shi ne, sai in juya in nemi ƙofa tun idona yana gani.